William Miller: Mashawarcin da Ya Koyi Aikinsa Daga Bakin Mashaya

William R. Miller, wanda aka haifa a Amurka a shekarar 1947, masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi shekara talatin yana koyarwa da bincike a Jami'ar New Mexico, daga 1976 zuwa 2006. A cikin masu aikin ba da shawara an san shi da wata hanya ta zama da mutumin da wata ɗabi'a ta fi ƙarfinsa, wato hirar zaburarwa. Da mashaya giya ya fara, amma a yau likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an gidajen gyaran hali a ƙasashe da dama suna amfani da ita wajen masu shan taba, da masu ciwon sukari da suka kasa kiyaye abinci, da masu cutar ƙanjamau da ke wasa da shan magani. Tushenta magana ɗaya ce: mutum ya fi riƙe dalilin da ya fito daga bakinsa a kan wanda aka ɗura masa. Yadda Miller ya kai ga wannan fahimta shi ne abin dubawa, domin ba a aji aka koya masa ita ba.

Asibitin Milwaukee

Miller ya tashi a jihar Pennsylvania, kuma da niyyar zama limamin coci ya shiga Kwalejin Lycoming. Daga baya ya karkata zuwa nazarin halayyar ɗan Adam, ya tafi Jami'ar Oregon, inda ya samu digirin digirgir a 1976. A Oregon an horar da shi kan dabarun gyaran ɗabi'a masu tsari da lissafi, amma kuma an koya masa salon sauraro na Carl Rogers, mashawarcin nan da ya shahara da cewa abin da ya fi warkarwa shi ne mai ba da shawara ya fahimci damuwar mutum kamar yadda shi mutumin yake jin ta, ya kuma karɓe shi ba tare da gindaya sharaɗi ba.

A 1973 ya je koyon aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke Milwaukee, ya faɗa sashen masu shan giya. Bai san komai game da shaye-shaye ba, kuma wannan rashin sani ne ya yi masa rana. Tun da ba shi da abin da zai koya wa majinyatan, sai ya zauna yana tambayarsu yadda aka yi suka kai inda suke, da abin da suke fata nan gaba. Suka buɗe masa ciki. Ya same su mutane masu magana da hankali, kowa da labarinsa daban. Da ya koma ya buɗe littattafan fannin, sai ya tarar an kwatanta mashayi a matsayin maƙaryaci, mai taurin kai, wanda cutarsa ta haɗa da musun cewa yana da cuta. Mutanen littafi daban, mutanen da ya zauna da su daban.

A wancan zamani, musamman a Amurka, abin da ya yi tashe wajen maganin shaye-shaye shi ne tunkarar mutum gaba da gaba. Ana ganin tun da musu shi ne katangar da mashayi ke fakewa a bayanta, to aikin mashawarci shi ne ya rushe ta da ƙarfi. Ƙungiyar Synanon, wadda aka kafa a California a 1958, ta shahara da zaman da ake sa mutum a tsakiya jama'a su yi ta yi masa tsawa da tonon silili. Cibiyoyi da yawa sun kwaikwayi wannan salo, wasu da sassauci, wasu ba sassauci. Idan majinyaci ya yi gardama, sai a ce ga alamar cutar nan ta bayyana. Ba a cika tsayawa a tambaya ko tsawar ce ke haifar da gardamar ba.

Abin da alƙaluma suka nuna masa

Binciken farko da Miller ya yi ya ba shi mamaki iri biyu. Yana gwada wani tsari na koya wa masu shan giya fiye da kima yadda za su rage sha. Don ya auna amfanin tsarin, sai ya ware wani rukuni da aka yi musu ɗan bayani kawai aka ba su littafin taimakon kai suka tafi gida. Ya ɗauka waɗannan za a bari a baya. Sai ga shi sun samu sauƙi kwatankwacin waɗanda suka yi makonni suna zuwa wurin mashawarci. Waɗanda aka ce su jira layi ya zo kansu kuwa, jiran suka yi, ba abin da ya sauya. Wannan ya nuna cewa mutane da yawa suna da ƙarfin sauya kansu, abin da ya rage kawai a nuna musu cewa ragamar tana hannunsu.

Mamaki na biyu ya fito a wani rahoto na 1980. Mashawarta tara ne suka yi aiki da tsari iri ɗaya, da littafin koyarwa iri ɗaya, amma sakamakonsu ya sha bamban. Akwai wanda kashi 25 cikin 100 kawai na mutanensa suka samu sauƙi, akwai wanda dukan nasa suka samu. Masu sa ido sun riga sun jera mashawartan bisa iya sauraro da fahimtar abin da majinyaci ke nufi, kuma da aka haɗa jerin da sakamakon, sai aka ga wanda ya fi iya sauraro shi ne mutanensa suka fi rage sha bayan wata shida. Wasu daga cikin mashawartan ma sakamakonsu bai kai na littafin taimakon kai ba. Wato akwai mashawarcin da gara a miƙa wa mutum littafi a sallame shi da a zaunar da shi a gabansa. Magana ce mai ɗaci ga masu wannan sana'a, amma haka alƙaluman suka nuna.

Tambayoyin matasan Nowe

A 1982 Miller ya tafi hutun bincike a asibitin Hjellestad da ke kusa da birnin Bergen a ƙasar Nowe. Wasu matasan masana halayyar ɗan Adam da ke aiki a wurin suka riƙa zama da shi, ɗaya ya yi kamar shi ne majinyaci, Miller ya nuna yadda zai amsa masa. Ba sa barinsa ya yi nisa sai sun tsayar da shi. Me ya sa ka yi wannan tambayar ba waccan ba? Cikin duk abin da ya faɗa, me ya sa wannan jimlar ka zaɓa ka maimaita masa? Amsa waɗannan tambayoyi ya tilasta masa lura da wasu ƙa'idoji da yake bi ba tare da ya san yana bin su ba. Ya gane cewa a kullum yana juya hirar ne ta yadda majinyaci zai zama shi ke kawo hujjar sauyawa, ba mashawarci ba. Ya rubuta abin da ya gano, aka buga shi a wata mujallar masana ta Birtaniya a 1983.

Asalin matsalar, a fahimtar Miller, ba musu ba ne. Zuciya biyu ce. Mashayi ya san giya tana cin kuɗinsa da lafiyarsa da mutuncinsa, ya kuma san ita ke kawar masa da damuwa da daddare, kuma a wurinta abokansa suke. Duka muryoyin biyu suna cikinsa. Idan wani ya zo ya ɗauki ɓangaren dainawa ya riƙa jero masa illoli, to abin da ya rage wa mashayin ya faɗa shi ne ɗaya ɓangaren: ai abin bai kai haka ba, ai wane ya fi shi sha kuma lafiyarsa ƙalau. Ga kuma inda gizo ke saƙar: duk lokacin da ya ji bakinsa yana kare shan, sai ya ƙara yarda da abin da yake faɗa. Mai nasiha ya zo da kyakkyawar niyya, amma ya tashi ya bar mutumin ya fi ƙarfin hujja a kan ci gaba da sha fiye da yadda ya same shi. Masana sun daɗe da sanin wannan hali na ɗan Adam. Jack Brehm ya bayyana a 1966 cewa idan mutum ya ji ana neman ƙwace masa 'yancin zaɓi, abin da ake hana shi sai ya ƙara yi masa kyau a ido.

Saboda haka mashawarcin da ke bin hanyar Miller yana danne ɗokin gyara. Yana yin tambayoyin da ba a amsa su da i ko a'a. Yana mayar wa mutum ma'anar abin da ya faɗa cikin 'yan kalmomi don ya ji da kunnensa. Yana yaba ƙoƙarin gaskiya in ya gan shi, ba yabon baka ba. Can kuma sai ya tattara abin da aka tattauna ya shimfiɗa masa. Misali, mutum ya ce, "Matata ce ta matsa sai na zo, ni ban ga wata matsala ba." Mai tunkara zai fara lissafo masa alamomin cutar. Mai bin wannan hanya kuwa yana iya cewa, "Wato ba da son ranka ka zo ba, amma damuwarta ta isa ta sa ka taso. Me kake jin ta gani da ya tayar mata da hankali?" Yanzu mutumin ne da kansa zai ambaci daren da bai kwana gida ba, da kuɗin makarantar yara da suka salwanta.

Akwai wata dabara da ke nuna hikimar tsarin ƙarara. Ana tambayar mutum, daga sifili zuwa goma, yaya muhimmancin daina sha yake a wurinsa? A ce ya amsa da huɗu. Tambayar da za ta zo wa kowa ita ce, me ya sa ba tara ba? Wannan kuwa gayyata ce ta kawo uzuri. Tambayar da ake so ita ce, me ya sa huɗu, ba sifili ba? Ba yadda za a amsa ta sai da dalilan dainawa. Wani zai iya cewa wannan wayo ne, kuma ƙorafin yana da ɗan tushe, domin mashawarcin yana da inda yake so hirar ta nufa. Abin da ya raba shi da yaudara shi ne ba ya cusa wa mutum burin da ba nasa ba, kuma yana faɗa masa a fili cewa yanke shawara nasa ne.

Gwaji da hujja

A 1993 Miller da abokan aikinsa biyu suka buga sakamakon wani gwaji da ya shafi mashaya 42. Duk an yi musu gwajin lafiya an gaya musu sakamako, amma wasu an gaya musu cikin salon tunkara, wasu cikin salon sauraro. Waɗanda aka tunkara sun fi yin gardama da katse magana. Da aka bibiye su bayan shekara guda, sai aka ga gwargwadon yawan tunkarar da mashawarci ya yi wa mutum, gwargwadon yawan giyar da yake sha. Taurin kan da littattafai suka ce halin mashayi ne, ashe mashawarci yana iya hura shi, yana kuma iya kwantar da shi a zama ɗaya.

Kafin nan, a 1989, Miller ya haɗu da Stephen Rollnick a birnin Sydney na Ostireliya. Rollnick ɗan Afirka ta Kudu ne da ya taɓa aikin jinya a sashen mashaya, ya ga salon tunkara da idonsa, daga baya ya koma Birtaniya. Shi ya shaida wa Miller cewa rubutun nan na 1983 ya bazu a can, har ana koyar da shi. Suka haɗu suka rubuta littafi a 1991, wanda aka sake bugawa da gyare-gyare sau uku, na ƙarshe a 2023. Rollnick ne ya fi jan hanyar zuwa asibitocin yau da kullum, inda likita ba shi da fiye da 'yan mintoci da majinyaci.

Wani babban gwaji shi ne wanda aka yi wa laƙabi da MATCH, wanda gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, aka fitar da sakamakonsa a 1997. Mutum 1,726 aka raba tsakanin hanyoyin magani uku. Biyu daga ciki zama goma sha biyu-biyu ne, ta ukun, wadda aka gina kan hirar zaburarwa, zama huɗu ce kacal. Duka rukunonin uku sun rage sha sosai, kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Masu fushi da yawa su ne suka fi amfana da zaman huɗun. Sai dai gwajin ba shi da rukunin da ba a yi wa magani ko kaɗan ba, don haka ba ya iya nuna nawa ne daga cikin sauƙin ya zo daga magani, nawa ne daga niyyar da ta kawo mutanen tun farko.

Inda hanyar ke tuntuɓe

Ba kowane gwaji ne ya yi daɗi ba. A 2003 Miller da kansa ya buga sakamakon wani da aka yi da masu shan ƙwayoyi, inda hirar ba ta ƙara komai ba. Da wani masanin harshe, Paul Amrhein, ya saurari faya-fayan hirarrakin, sai ya gano inda aka yi ɓarna. Littafin da aka ba mashawartan ya umarce su da su kammala kowace hira da tsara shirin dainawa, ko mutum ya shirya ko bai shirya ba. Waɗanda suka shirya sun ci gaba lafiya. Waɗanda ba su kai nan ba, da aka matsa musu, sai ƙarfin alƙawarinsu ya zube nan take. Wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwaje 72 ya ƙara tabbatar da wannan, domin ya nuna tasirin hanyar ya fi girma a inda ba a ɗaure mashawarci da littafin umarni ba. Nazarin ya kuma nuna cewa tasirin yakan ragu cikin shekara, sai dai yakan fi daɗewa idan an haɗa hirar da wani maganin da ke biye da ita.

Koyon hanyar ma ba a kwana biyu ake yinsa ba. Miller ya horar da wasu mashawarta a taron bita, suka tashi suna cewa sun ƙware. Da aka saurari ainihin aikinsu da mutane, sai aka ga sauyin da suka yi bai taka kara ya karya ba. Gwajin da ya biyo baya ya nuna ƙwarewa tana samuwa ne idan wani gwani yana sauraron aikin mashawarci yana gyara masa a kai a kai. Takardar halartar bita ba shaida ba ce ta iya aiki.

Sauyin da ke ɗorewa

Fara sauyawa daban, ɗorewa a kai daban. Wani tsohon nazari na 1971 ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda suka daina taba ko giya ko hodar heroin sukan koma cikin wata uku na farko. Alan Marlatt na Jami'ar Washington ya lura cewa ba tuntuɓen farko ne ke kayar da mutum ba, fassarar da ya yi wa tuntuɓen ce. Wanda ya ce shi ke nan, ni ba zan taɓa gyaruwa ba, shi ke komawa gadan-gadan. James Prochaska da Carlo DiClemente kuma, waɗanda suka nazarci masu daina shan taba da kansu, sun nuna cewa yawancin mutane sukan gwada sau da dama kafin abin ya zauna. Miller ya bi wannan ra'ayi, yana sukar ɗabi'ar raba mutane gida biyu, masu nasara da masu faɗuwa, alhali wanda a da kullum yake sha yanzu kuma sai a yi watanni bai taɓa ba ya yi tafiya mai nisa.

Ɗorewa tana kuma buƙatar rayuwa ba tare da shan ta fi daɗi a kan rayuwa da shi, kuma a nan iyali ke shigowa. Abokin aikin Miller a New Mexico, Robert Meyers, ya tsara wata hanya ta horar da matar mashayi ko iyayensa: su daina tsawa da barazana, su daina rufa masa ɓarnar da sha ya jawo, su nuna jin daɗi a lokutan da yake cikin hayyacinsa, su kuma san lokacin da ya dace a kawo maganar asibiti. A gwajin da suka buga a 1999 da iyalai 130, kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka horar ta wannan hanya sun shawo kan mashayinsu ya shiga magani. A rukunin da aka shirya wa taron dangi na tunkara, kashi 30 ne. A rukunin da aka tura ƙungiyar tallafa wa iyalan mashaya kawai, kashi 13.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Rahoton 2018 na binciken da aka yi a Najeriya da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 da suka yi amfani da ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma cikinsu akwai waɗanda iyayensu ne suka kai su don a raba su da shaye-shaye. Iyayen da suka rasa yadda za su yi ne ke kai ɗa irin wannan wuri, kuma tunaninsu bai yi nisa da na cibiyoyin Amurka na da ba, cewa sai an karya mutum kafin ya gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa dabarun hirar zaburarwa cikin gajeriyar shawarar da take koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko, abin da ba ya buƙatar na'ura ko gini, sai horo da haƙuri.

Iyalin da ke neman mashawarci ga ɗansu suna da damar yin tambaya kafin su miƙa amana. Su tambaye shi a ina ya yi horo, wa yake duba aikinsa, kuma me yakan yi idan wanda yake taimaka wa ya koma ruwa. Bayan zaman farko kuma su tambayi yaron wa ya fi yin magana a ɗakin. Idan mashawarcin ne, a nemi wani.